Wasiƙa Ga Ɗaliban Jami'a Kan Karatu Ta Intanet

Ƙannena ɗalibai,

Tun da korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, karatu ta intanet ya zauna da gindinsa. Jami'ar NOUN da aka farfaɗo da ita a 2002 dama daga nesa take koyarwa, ABU Zariya ma tana da cibiyar koyarwa daga nesa. Abin da na lura da shi, aji ɗaya, malami ɗaya, wani ya rungumi abin hannu bibbiyu, wani kuwa ko sunan Zoom ba ya son ji.

Za ku ce tsadar data ce da rashin wuta. Haka ne, wanda cajinsa ya ƙare ana tsakiyar lacca ba a yi masa adalci ba idan aka kira shi rago. Amma sauran bambancin daga hali yake.

Akwai ɗalibar da kunya ba za ta bar ta ta ɗaga hannu a ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane ba har zango ya ƙare, amma a rubuce sai ta jero tambayoyi masu nauyi. Matar aure mai goyo sai ta kwantar da yara, ta kunna laccar da aka naɗa, ta yi ta maimaita wurin da bai shige ta ba. Waɗannan tsarin ya karɓe su. Wanda kuwa bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta kacokan a 2015, fargaba ce kawai ke damunsa. Ya zauna kusa da abokin da ya iya, za ta wuce.

Wanda nake jiye wa shi ne wanda bai saba karatu ba sai idon malami na kansa. Yana da data, yana da caji, ya shiga aji ya kashe kyamara, ya zarce TikTok. Ba mai tsawata masa, sai ranar jarrabawa ido ya raina fata.

In kai ne wannan, kar ka ruɗi kanka. Ware lokaci tsayayye, ko da bayan sallar asuba ne, ka nemi abokai biyu ko uku da za ku riƙa bibiyar juna. In ka san ba za ka iya ba, don Allah ka nemi gurbi inda ake zama a aji kafin iyayenka su biya kuɗin rajista.