Wa Zai Biya Lauyan Mai Gida?

Tambaya: Ina haya a Yelwa, Bauchi. Mai gidan ya ɗora mini kashi 10 cikin 100, wai kuɗin lauyansa. Dole ne in biya?

Amsa: Malam, takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ce hujjarka. In babu wannan kuɗi a ciki, kana da damar ƙi, domin wanda ya ɗauko lauya shi ya kamata ya biya. Dokar haya ta Legas ta 2011 haka ta tanada, kodayake ba ta aiki a Bauchi. Za a ce maka kowa na biya, amma sabo ba doka ba ne. In ka riga ka amince, nemi ragi da rasit mai sunan lauyan. Kada fushi ya sa ka riƙe kuɗin haya. In sulhu ya gagara, garzaya Hukumar Ba da Agajin Shari'a.