Gidan Hutun Iyali a Tungan Maje: Kafin Ka Sayi Bulo

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnati ne, saura kaɗan in ajiye aiki. Ina da fili a bayan Tungan Maje, wurin da ake hango duwatsu. Ina so in gina ɗan gida mai ɗaki uku wanda magidanta za su riƙa kamawa da iyalansu lokacin hutu, su sarara, su zaga duwatsu a ƙafa. Abokaina sun ce zubar da kuɗi ne. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya sa a gama lafiya. Masu kamawa akwai su. Duk ƙarshen mako matasan Abuja na fita rukuni-rukuni hawan duwatsun Ushafa da Mpape, magidanta da yawa kuma sun gaji da kai yara wuraren wasa na cikin gari. Sai dai abin da magidanci zai biya kuɗi dominsa shi ne ya kwana da iyalinsa a baƙon wuri hankalinsa kwance. Ɗaki uku ba ya ba da wannan.

Fara da takarda. Dokar da ta kafa Abuja a 1976 ta damƙa ƙasar birnin tarayya baki ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, kuma ministan Abuja ne ke da ikon ba da fili. Takardar ciniki da ka karɓa a gaban mai unguwa tana da amfani wajen zaman lafiya da maƙwabta, amma ba ta tare motar rusau. Ka je ofishin AGIS, mai ajiye bayanan filayen Abuja, a duba maka matsayin filin, sannan ka nemi izinin gini daga sashen kula da tsarin gine-gine. Idan filin ya faɗa cikin wani shiri na gwamnati, gara ka ji yanzu.

Sai tsaro, wanda shi ne tambayar farko da uwargida za ta yi wa maigida. Mutane ba su manta da watan Satumbar 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Tungan Maje da dare suka tafi da mutane. A Ingila, gidan hutu yana ƙara tsada idan ya keɓe shi kaɗai a bayan tsauni. A nan keɓewar ce aibinsa. In filinka ya yi nisa da jama'a, shawarata ka sayar ka nemi na kusa da gari, inda mota za ta fita titin Zuba zuwa Gwagwalada ko da tsakar damina. Ka san hakimi, ka san 'yan sintiri, ka san ofishin 'yan sanda, su ma su san ka. Yawon dutse kuma da safe ne, a dawo kafin la'asar.

Kada ka yi wa baƙi alkawarin sanyi. Tungan Maje ba Jos ba ce, balle Gembu ta Mambila. Zafin Maris da Afrilu a yankin Gwagwalada ba ya wasa. Abin da kake da shi kusanci ne. Dutsen Zuma, wanda yara suka saba gani a jikin naira 100, yana nan gaba da Zuba ta wajen Madalla. Suleja, tsohuwar Abuja, inda Ladi Kwali ta yi aikin tukwanenta, tafiyar ɗan lokaci ce. Magangarar ruwan Gurara kuma yini guda ya isa a je a dawo.

Inda masu irin wannan gini suka fi yin tuntuɓe shi ne fasali. Sai su kwaikwayi otal: dogon baranda, ƙofofi a jere, kowa na ganin kowa. Bahaushe mai mutunci ba ya kai matarsa da 'yan matansa irin wannan wuri, don ya san abin da ake faɗa a kan gidajen saukar baƙi. Yi gida irin wanda muka sani. A samu katanga, da zaure ko rumfa a waje inda maigida zai gana da mai raka su yawon dutse, da tsakar gida da mata za su zauna ba mayafi, da wurin salla da na alwala. Madafi kuwa kada a yi masa rowa, da tukwane manya, domin iyali mai yara shida ba za su yi kwana uku suna sayen abinci ba. Kuma iyali ɗaya a lokaci ɗaya. Ranar da ka fara ba da ɗaki na awa biyu saboda kasuwa ta yi sanyi, unguwa za ta sa wa gidan suna, iyalai kuma sun tafi ke nan.

Ruwa: ƙasar dutse ce, a yi awo kafin a haƙa burtsatse. Wuta: sola da za ta ja fanka da firji ta fi janareta mai hana barci. Gidan sauro a kowane gado.

Shi kansa yawon yana son ɗan gari. Wasu duwatsun yankin suna da alfarma a wurin Gbagyi da Koro, wasu hanyoyin kuma ta cikin gonakin doya suke bi. Ɗauki matashi da mai unguwa ya yarda da shi, ka yanka masa lada a kan kowace fita. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiya, ko da yake hazo kan rufe nesa. Da damina dutse yana santsi, ciyawa na ɓoye maciji, idan hadari ya haɗo kuwa a sauko nan take saboda tsawa. Duk wanda maciji ya sara, a miƙe da shi asibitin koyarwa na Gwagwalada, ban da tsaga, ban da ɗaure ƙafa tamau.

Lissafi kuma ka yi shi a kan hutun makaranta, da hutun salla, da na Kirsimeti, da ƙarshen mako. Sauran kwanakin gidan fanko ne, amma mai gadi zai karɓi albashi. Saboda haka kada ka zuba kuɗin sallamarka duka. Fara da ɗaki biyu da katanga, ka bar wurin ƙari, kuma ka tsara ginin yadda idan baƙi ba su zo ba, ma'aikacin da ke zuwa aiki cikin Abuja zai iya kama shi haya ta shekara.