DARASIN NAZARI: GICCIYE A BAKIN KATANGAR AUSCHWITZ



A shekarar 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 27 ga Janairu domin tunawa da Yahudawa kimanin miliyan shida da gwamnatin Nazi ta Jamus ta hallaka a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. A wannan rana ce, cikin 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet suka buɗe sansanin Auschwitz a ƙasar Polan, inda aka kashe mutum wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari, kusan miliyan ɗaya daga cikinsu Yahudawa. Darasinmu na yau yana kan wata gardama da ta taso a wurin, wadda ta shafi Ikilisiyarmu kai tsaye.

Abin da ya faru

A 1984 waɗansu sistoci 'yan ƙungiyar Karmel suka tare a wani tsohon gini da ke jingine da katangar sansanin, domin su yi addu'a saboda matattu. Niyyarsu mai kyau ce. Ban da Yahudawa, an kashe 'yan Polan fiye da dubu saba'in a can, yawancinsu Katolika, har da Waliyyi Maksimiliyan Kolbe wanda ya ba da ransa a madadin wani ɗan kurkuku a 1941.

Amma Yahudawa suka ji zafin abin ƙwarai. A wurinsu Auschwitz maƙabarta ce ta iyayensu waɗanda ba su sami ko kabari ba. Shekara da shekaru gwamnatin kwaminis ta Polan tana ambaton mamatan wurin ba tare da bayyana cewa mafi yawansu Yahudawa ne ba. Ga shi kuma an kafa babban gicciye kusa da ginin. Gicciyen da mu muke gani alamar ceto, su yana tuna musu da ƙarnukan da Kiristocin Turai suka tsananta musu, sau da yawa a cikin Mako Mai Tsarki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A 1987, a birnin Janiba, waɗansu kadinal-kadinal da shugabannin Yahudawa suka amince cewa sistocin za su ƙaura cikin shekara biyu. Wa'adi ya cika ba a cika alkawari ba, rai ya ɓaci a kowane gefe. Sai a 1993 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda shi kansa ɗan Polan ne, ya rubuta wa sistocin wasiƙa, suka yi biyayya suka koma sabon gida nesa kaɗan da wurin. A 1998 waɗansu masu tsaurin ra'ayi suka kakkafa ɗaruruwan gicciye a filin don nuna ƙarfi. Bishop-bishop na ƙasar ba su goyi bayansu ba, aka kwashe su a 1999, babban kaɗai ya rage.

Koyarwar Ikilisiya

Me ya sa Uba Mai Tsarki ya ce wa masu addu'a su matsa? Tun 1965 Majalisar Batikan ta Biyu, cikin takardar Nostra Aetate, ta koyar cewa ba daidai ba ne a ɗora alhakin mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawa, na dā ko na yanzu, ta kuma yi tir da ƙiyayya gare su. Manzo Bulus, a sura ta 11 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya kwatanta mu da reshen da aka ɗaura a jikin itacen zaitun, ya gargaɗe mu kada mu yi wa saiwa fahariya. Ubangijinmu, da Uwargida Maryamu, da manzanni, duka Yahudawa ne. A 1998 Batikan ta fitar da takarda ta musamman tana kiran 'ya'yanta su tuba saboda Kiristocin da suka yi shiru a lokacin kisan.

Kowa a cikinmu ya san ladabin gidan makoki. Wanda ya zo ta'aziyya yakan zauna inda aka nuna masa, ya saurara, ya yi addu'arsa a hankali. Ba ya karɓe tabarmar masu rashi, ko da shi ma ya taɓa rashi. Wannan ladabi ne Paparoma Faransis ya nuna a 2016, sa'ad da ya ziyarci sansanin ya yi addu'a shiru, bai yi jawabi ba.

Tambayoyi domin zumunta da ajin katekisim

1. Wace magana muke faɗa wa yaranmu game da Yahudawa idan muna ba da labarin Jumma'a Mai Kyau?
2. Idan muna tuna waɗanda muka rasa a rikici, muna barin wuri ga mamatan maƙwabtanmu?
3. Yaushe gicciye yake zama tutar faɗa a hannunmu?

Mu yi addu'a: Ya Allah na Ibrahim, da Ishaku, da Yakubu, ka ji ƙan dukan waɗanda aka kashe, ka tsabtace tunaninmu daga girman kai, ka koya mana yin kuka tare da masu kuka. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.