Karon Ƙofofin Rauta Yayin Ɗora Shafin Intanet a Gida: Darasi Daga Unguwar Kudenda, Kaduna

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi matsalar da ke tasowa idan aka ɗora shafin intanet a kan kwamfutar gida, sai shafin ya ƙi buɗuwa daga waje saboda karon ƙofofi. An ɗauki yanayin Kudenda a matsayin misali, an fayyace wurare huɗu da matsalar ke ɓuya da matakan warware kowanne, domin amfanin manazartan Hausa masu son taskance ayyukansu a hannunsu.

Fitilun Kalmomi: rauta, ƙofa, uwar garke, adireshin IP, taskar Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazartan Hausa da dama suna riƙe da dukiyar da babu kwafinta a ko'ina: hirarrakin da aka naɗa da dattawa, hotunan rubutun ajami, da jerin kalmomin karin harshe. Hayar wurin ajiya a intanet galibi da dala ake biya, wanda hakan ke sa wasu su mayar da tsohuwar kwamfuta ta zama uwar garke, wato na'urar da ke miƙa shafi ga duk wanda ya nema.

A ƙaddara wani malami mazaunin Kudenda, unguwar masana'antu da ke kudancin Kogin Kaduna, ya yi hakan domin ɗalibansa a Zariya su riƙa sauke hirarraki. A ɗakinsa shafin yana buɗuwa lafiya lau, amma ɗalibai suka ce ba su ga komai ba. A kan wannan misali aka gina darasin.

2.0 Ma'anar Ƙofa

A wannan maƙala an zaɓi kalmar "ƙofa" domin lambar da ke bambanta wata hidima da wata a cikin na'ura guda. Adireshin IP tamkar gida ne, rauta ita ce zaure, ƙofofi kuwa su ne mashigan ɗakuna. Lambobinsu sun kama daga 0 zuwa 65535. Hukumar IANA ta keɓe 0 zuwa 1023 ga sanannun hidimomi: 80 ga shafin da ba a rufe saƙonsa ba, wato HTTP, 443 ga HTTPS mai rufaffen saƙo, sai 22 ga SSH da ake sarrafa kwamfuta da shi daga nesa.

Ƙa'idar da ke haifar da karo ita ce: manhajoji biyu ba sa tsaron ƙofa ɗaya a adireshi ɗaya a lokaci guda. Haka nan rauta ba ta tura ƙofar waje ɗaya zuwa na'urori biyu. Wanda ya riga kama ƙofa shi ke da ita.

3.0 Wuraren da Matsalar Ke Ɓuya

3.1 Cikin Kwamfuta

Idan Apache ko Nginx ta ƙi tashi, ta nuna saƙon cewa ana amfani da adireshin, to wata manhaja ta riga ta kama ƙofa ta 80. A Windows ana rubuta umarnin netstat -ano domin ganin lambar aikin da ke riƙe da ƙofar. Idan lambar ta kasance 4, galibi IIS ce ko wata hidimar Windows. A Linux kuwa umarnin ss -tlnp tare da sudo shi ke bayyana sunan manhajar. Maganin shi ne a tsayar da manhajar da ba a buƙata, ko a mayar da ɗaya zuwa 8080.

3.2 Cikin Rauta

Rauta ma tana da shafin saiti da ake shiga ta adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, kuma a ƙofa ta 80 ko 443 yake zaune. Idan an kunna damar sarrafa ta daga nesa, sai ta riƙe waɗannan ƙofofi wa kanta. Alamar hakan ita ce baƙo ya nemi taskar malam, sai ya tarar da shafin da ke tambayar kalmar sirrin rauta. Wannan haɗari ne babba, domin an bar zauren gida a buɗe. Ya kamata a kashe damar, sannan a kafa dokar tura ƙofofi 80 da 443 zuwa uwar garke. A kuma duba ko na'urar kyamarorin tsaro ta buɗe wa kanta ƙofa ta hanyar UPnP, domin da yawansu da 80 suke zuwa.

3.3 Sauyawar Adireshi Bayan Ɗauke Wuta

A Kudenda aka fara gina tashar lantarki mai megawat 215, amma kamar sauran sassan Kaduna, mazauna unguwar ba su rabu da janareta da sola ba. Duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, rauta na iya sake raba adiresoshin cikin gida. Kwamfutar da jiya take 192.168.0.101 sai ta koma 192.168.0.103, alhali dokar tura ƙofa tana nuni ga tsohon adireshi, wanda wataƙila wayar wani yaro ce ta gaje shi. Wannan kan yi kama da karo. Ana magance shi ta hanyar keɓe wa uwar garke adireshi na dindindin a saitin DHCP, bisa lambar MAC ɗinta.

3.4 Wajen Gida

Adiresoshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kawai, kuma IANA ta raba na ƙarshe da ke hannunta a watan Fabrairu na 2011. Saboda haka kamfanonin sadarwa, musamman na layin waya, sukan haɗa masu hulɗa da yawa a kan adireshin waje guda, tsarin da ake kira CGNAT. A shekarar 2012 aka keɓe masa zangon 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255. Idan adireshin waje da rauta ke nunawa ya faɗo cikin wannan zango, ko ya fara da 10, ko ya saɓa da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa, to zauren gaskiya yana hannun kamfani, kuma tura ƙofa ba zai yi tasiri ba. Irin wannan na faruwa a cikin gida ma idan aka jona rauta biyu a jere. A nan sai a mayar da ta farko gada, ko a tura ƙofar a dukkansu.

4.0 Jerin Matakan Bincike

Bin tsari daga ciki zuwa waje yana rage wahala. Da farko a buɗe 127.0.0.1 a kan uwar garken. Idan ya ƙi, matsalar ta manhaja ce. Na biyu, a gwada daga wata na'ura da ke cikin gidan. Idan ya ƙi, a duba katangar tsaron kwamfuta. Na uku, a kashe Wi-Fi a waya, a gwada da data. Wannan mataki wajibi ne, domin wasu rautoci ba sa barin na'urar cikin gida ta shigo ta adireshin waje, sai a zaci shafin ya mutu alhali yana raye. Na huɗu, a kwatanta adireshin waje kamar yadda aka bayyana a sama.

Idan shafuka biyu ake son ɗorawa, misali ƙamus da taskar murya, babu buƙatar su yi takarar ƙofa. Sai a sa Nginx ta tsaya a 80 da 443, ta riƙa raba baƙi bisa sunan shafin da suka nema. A lura kuma cewa hanyar da aka fi bi wajen karɓar takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt tana bi ta ƙofa ta 80, don haka toshe ta na iya hana sabunta takardar.

Wanda ke bayan CGNAT yana da zaɓi uku: ya nemi adireshin waje na kansa daga kamfani, ya yi amfani da hanyar ɓoye irin Cloudflare Tunnel wadda ke fita daga gida ba tare da buɗe ƙofa ba, ko ya yi hayar ƙaramar uwar garke.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa abin da ake kira karon ƙofa matsaloli huɗu ne mabambanta, kowace da alamarta da maganinta. Ana ba da shawara ga mai taskar gida da ya buɗe ƙofofin da yake buƙata kaɗai, ya sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita, ya kuma ajiye kwafin hirarrakinsa a wani wuri daban. Ana kuma kira ga sassan nazarin Hausa da su duba kalmomin "ƙofa", "zaure" da "uwar garke" domin daidaita su a rubuce-rubucen fasahar sadarwa.