ƘIBA: ABIN DA YA SA SIKELI YA KAN TSAYA

An rubuta wannan takarda domin Hakimai da malamansu, su karanta, su kuma bayyana wa Dagatai da masu unguwanni. Maganar da ke cikinta ta shafi mutumin da likita ya ce wa ya rage ƙiba, ya bi umurni, ya fara ganin amfani, sa'an nan abin ya tsaya cik wata da watanni. Irin wannan mutum shi ya fi kowa kusa da fid da zuciya, shi ne kuwa masu tallan magani su ke nema.

Ga misali. A ce ga wani malamin ofis yana zaune a Narayi, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da kogin Kaduna. Mahaifinsa a ƙasa ko bisa keke ya ke zuwa aiki a masaƙar Kakuri, wadda aka buɗe a 1957. Shi kuwa daga ƙofar gida sai mota, daga mota sai kujera. Aka auna shi a Asibitin Gwamna Awan, aka ga nauyinsa kilo 100, jininsa ya hau, sukari kuma ya fara leƙowa. Ya rage tuwo, ya bar lemon kwalba, kowace asuba ya kan taka har Barnawa ya komo. Cikin wata 5 ya sauko kilo 92. Daga nan fa, yau wata 4 ke nan sikeli bai motsa ba. Ya fara cewa ko jikinsa ne ba irin na mutane ba, wani ma ya raɗa masa wai sammu aka yi masa.

Babu ko ɗaya. Abin da ya same shi shi ke samun yawancin masu rage ƙiba, galibi wajen wata na 6. Dalilinsa kuwa sananne ne.

JIKI DA BAITULMALI

Jiki kamar baitulmali ya ke. Abinci shi ne kuɗin shiga. Aiki da numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki su ne kuɗin fita. Kitse kuwa shi ne ajiya. Duk malamin da ya taɓa zama kusa da Ma'aji ya san abin da a ke yi in haraji ya kasa: ba a zuba ido ajiya ta ƙare, sai a rage kashe kuɗi, a kuma matsa wa masu tarawa. To, jiki duka biyun ya ke yi, ba kuwa ya shawartar mai shi.

An ga tabbacin wannan tun da daɗewa. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya gwada samari 36 waɗanda suka yarda da kansu. Aka riƙa ba su kimanin rabin abincin da suka saba ci har mako 24. Kowannensu ya rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Amma abin lura shi ne, ƙarfin da jikinsu ke ƙonewa suna kwance ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100, har wajen ƙarshe ramar ta kusa tsayawa, ga shi kuwa yunwar tana nan. Suka zama masu jin sanyi da kasala, ba su da zance sai na abinci.

A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a New York suka gano wani sinadari da kitse da kansa ke zubawa cikin jini, sunansa leftin. Shi ne ɗan aiken da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin ajiya. In kitse ya ragu, shi ma ya kan ragu, ƙwaƙwalwa kuwa sai ta buɗe ƙofar yunwa. A 2016 Kevin Hall da wasu masana suka lissafa abin da kalori, watau ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci. Suka ga kowane kilo ɗaya da mutum ya zubar, abin da jikinsa ke ƙonewa a yini ya kan ragu da kalori 20 zuwa 30, sha'awar cin abinci kuwa ta kan ƙaru da wajen kalori 100. Ku duba malaminmu na Narayi. Kilo 8 ya zubar, saboda haka jikinsa ya rage kashewa da wajen kalori 200, cikinsa kuma yana roƙon ƙarin wajen 800 kullum. Wannan roƙo na ciki shi ne babban abokin gaba, domin a hankali ya ke ƙara girman loma, mai ita bai sani ba.

AIKIN ALƘALAMI

Nan ne malamai suka fi kowa sa'a, gama maganin farko rubutu ne. A 1992 likitoci a New York suka bincika wasu mutane da suka rantse ba sa cin kome amma ƙiba ta ƙi sauka. Da aka auna sosai, sai aka tarar abin da su ke faɗi ya gaza abin da su ke ci da kusan rabi, motsa jikin da su ke faɗi kuma ya zarce na gaskiya da wajen rabi. Ba ƙarya su ke yi da gangan ba. Baki ne ke da mantuwa.

Saboda haka mutum ya sami ɗan littafi, ya riƙe shi mako 2 kamar yadda a ke riƙe littafin haraji, kada ya bar rubutu sai dare. Duk abin da ya wuce maƙogwaro ya shiga takarda nan take: ƙosan da aka ɗauka a tsaye, shayin mai shayi da madararsa, gyaɗar da aka ci ana hira, furar da aka kawo wa baƙo aka taya shi sha, tsiren da aka sayo wa yara aka ɗanɗana. A lura da mai ƙwarai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, tafiyar sa'a guda kuwa ga mutum mai irin wannan nauyi ba ta wuce kalori 300 da 'yan kai ba. Watau cokali 3 da uwargida ta ƙara a miya don ta kyautata wa maigida sun cinye tafiyar Barnawa ɗungum. Don haka maganar nan ba ta maigida kaɗai ba ce, lalle a zauna da mai girki.

Mun san wuyar abin ga Hakimi. Ba a kawo masa akushi ya mayar ba a taɓa ba, ga suna, ga ɗaurin aure, ga gaisuwa. Amma ai babba ya sa albarka da loma biyu ya tura wa fadawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

ABIN DA SIKELI BA YA FAƊI

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Abinci mai gishiri, ko rashin fita bayan gida, ko al'adar mata, suna iya ƙara kilo 1 ko 2 cikin yini, ba kitse ko kaɗan. Saboda haka a hau sikeli ɗaya, da safe kafin karin kumallo, a dubi lissafin wata, kada a dubi na kwana. Babbar riga tana rufa wa tumbi asiri, amma zariyar wando ba ta yi. Ga gwaji mai sauƙi: a yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zaga ciki da ita wajen cibiya. In ta haɗu, madalla. In ta ƙi, da sauran aiki. Sau da yawa igiya ta kan nuna ci gaba sa'ad da sikeli ya yi shiru, musamman ga wanda ya haɗa tafiya da aikin ƙarfi, kamar noma da ɗaukar kaya, kwana 2 a mako. A kuma sami barci isasshe, gama mai kwana hira yunwarsa ta fi yawa.

Kada kuma malaminmu ya raina kilo 8 ɗin nan. A wani babban bincike na Amurka da aka bayyana a 2002, an bi mutane fiye da 3,000 waɗanda ciwon sukari ke gab da kamawa. Waɗanda aka ɗora bisa shirin zubar da kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Shi ya riga ya zubar da kashi 8. Ko da bai ƙara sauka ba, in dai ya riƙe inda ya ke, ya ci riba mai yawa. Wanda ya yi fushi ya koma gidan jiya shi ne ya yi hasara.

GARGAƊI

A ja kunnen jama'a game da shayi da ƙwayoyin rage tumbi da a ke talla a tasha da cikin waya. Waɗansunsu gudawa da fitsari kawai su ke sa wa, ruwa ya fita, kitse yana nan, ƙoda kuwa ta wahala. Waɗansu an sha samun sibutramine a ɓoye cikinsu, maganin da ƙasashe da yawa suka janye a 2010 saboda yana jawo ciwon zuciya da shanyewar jiki. Abin da ba shi da lambar NAFDAC kada a kusance shi. Akwai allurar semaglutide wadda Amurka ta yarda da ita domin ƙiba a 2021. Tana aiki, amma da tsada, ita ma bayan shekara guda da 'yan watanni sikeli ya kan tsaya, in an bar ta kuwa yawancin nauyin ya kan komo. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa akwai jabunta a kasuwa. Sai da hannun likita.

Wanda ya riƙe littafinsa da gaskiya wata 3 bai ga canji a sikeli ko a igiya ba, ya koma asibiti da littafin a hannu, ya kuma tafi da dukan magungunan da ya ke sha. Akwai waɗanda ke sa ƙiba, kamar prednisolone da insulin da irin waɗanda a ke kira sha-ka-fashe, akwai kuma rashin aikin ƙullutun wuya, wanda in ya kumbura a ke ce maƙoƙo, gwajin jini ke nuna shi. Kada mai hawan jini ko ciwon sukari ya bar maganinsa ko ya shiga dogon ƙin ci ba da sanin likita ba. Wanda kuma a ka ga yana ramewa ba shi ya nema ba, ga tari ko yawan ƙishirwa da fitsari, wannan wata magana ce dabam, masu unguwanni su sa a kai shi asibiti cikin makon nan.