DARASI: YADDA AKE GANE GIZO-GIZO MAI ALAMAR KALANGU

Gizo-gizo iri-iri ne. Kowanne yana da ƙafa 8, ƙwari kuwa irin su ƙuda da fara ƙafa 6 gare su. Yawancin gizo-gizo ba sa cutar da mutum. Abokan manomi ne, domin suna cin sauro da ƙuda da ƙwarin gona. Amma akwai wani ƙarami mai dafi wanda ya kamata mai zuwa itace ya san shi.

Ana samun sa a daji da kuma cikin gida. Yana son wuri mai duhu, kamar kogon itace, ƙarƙashin ɓawo, tarin makamashi da gindin rumbu.

Alamominsa

1. Jikin macen bai fi ƙwayar wake ba, tsawonsa kamar santimita 1. Namijin bai kai rabinta ba.
2. Launinsa ruwan ƙasa ne. Ƙafafunsa sirara ne, gaɓoɓinsu sun fi duhu.
3. A ƙarƙashin cikin macen akwai alama ruwan goro, mai siffar kalangu. Ana iya ganin ta domin a rigingine take rataye a jikin yana.
4. Yanarsa a cukurkuɗe take, ba ta da tsari.
5. Jakar ƙwansa kewayayya ce mai tsinaye, kamar ƙaramin ɗan zurma. Wannan ita ce alama mafi sauƙin ganewa.

Wannan gizo matsoraci ne. In an taɓa yanarsa sai ya faɗi, ya naɗe ƙafafu kamar ya mutu. Ba ya cizo sai an matse shi, kuma cizon macen ne ke sa ciwo.

Rigakafi

A bubbuga itace da ƙasa kafin a ɗaura a ka. Kada a cusa hannu a kogo. A kakkaɓe takalmi kafin a sa.

Idan ya yi cizo

Wurin zai yi ja da zafi. Wani yakan yi gumi, ko namansa ya riƙa murɗawa. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a tsaga, kada a tsotse. In yaro ne ko tsoho, ko zafin yana ƙaruwa, a tafi asibiti nan da nan.

Tambayoyi

1. Ƙafa nawa gizo-gizo yake da su?
2. Ina alamar kalangu take?
3. Me za a yi wa wanda ya ciza?