Darasi Don Malamai: Mintuna Goma Na Farko A Aji

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka darasi yake. Ɗalibin ajin manya ya baro gona, ko kasuwa, ko girki, ya zo da gajiya da tunanin gida. Idan malami bai kama hankalinsa a mintuna 10 na farko ba, jikinsa ne kawai zai zauna a aji. Da yawa daga masu daina zuwa makaranta ba wuyar karatu ce ta kore su ba, zaman banza ne a farkon darasi. Ga yadda ƙwararrun malamai suke yi.

Kafin ɗalibai su iso

Malami ya riga kowa zuwa. Ya share allo, ya tanadi alli, ya rubuta kwanan wata da manyan baƙaƙe. Ya je can baya ya duba ko ana iya ganin rubutun, ko kuwa hasken rana yana dukan allon. Dattawa masu raunin gani ko ji a ware musu wuri a gaba. Idan lokaci ya yi a fara, ko da mutum biyar ne suka zo. Malamin da yake jiran aji ya cika yana koya wa masu sammako makara ne.

Gaisuwa (minti 2)

A gaida mutane da girmansu: Baba, Inna, Malam wane, Hajiya wance. A tambayi gida da aiki, amma kada gaisuwa ta zama hira. Kiran suna daga rajista a bar shi sai an ba da aikin rubutu, sannan malami ya cike ta shiru.

Bita (minti 4)

A shekarar 1885 wani masani ɗan ƙasar Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum yana mance mafi yawan sabon abin da ya haddace tun a ranar farko, sai fa idan an maimaita. Saboda haka bita wajibi ce. Sai dai ba malami ne zai sake faɗin darasin jiya ba, ɗalibai ne za su tono shi da kansu. Kada a ce, "Kun gane na jiya?" domin kowa zai ce e. A rubuta kalma uku a allo, a ce, "Wa zai karanta mana ta farko?" A fara da mai sauƙi, don wanda yake jin kunya ya samu ya ci. Wanda ya yi kuskure kada a bari a yi masa dariya. Magidanci ba ya dawowa inda aka kunyata shi.

Shiga sabon darasi (minti 3)

A nan ne gwanintar malami take. A fara daga abin da ɗalibi ya sani, a kai shi ga abin da bai sani ba. Wani malami ɗan ƙasar Barazil, Paulo Freire, ya yi suna da wannan hanya. A shekarar 1963, a garin Angicos, ya jagoranci koyar da manya kimanin 300 karatu da rubutu cikin awa 40 na darasi, ta hanyar farawa da kalmomin da mutanen suke amfani da su kullum.

Misali, idan damina ta kusa, malami ya tambaya, "Me ya fi damun manomi a yanzu?" Wani zai ce taki. A bar mutum biyu su yi magana, sannan a rubuta TAKI a allo. A raba ta gaɓa biyu: ta, ki. Daga nan a fitar da ta, te, ti, to, tu, da kuma ka, ke, ki, ko, ku. Nan take ɗalibai za su haɗa kuka, da toka, da tuta. Kalmar daga bakinsu ta fito, don haka ba za ta yi musu baƙunta ba.

Faɗin manufa (minti 1)

Babban mutum yana son sanin amfanin zamansa. Malami ya ce, "Yau kafin mu tashi, kowa zai iya rubuta taki da hannunsa." Magana ɗaya ta isa.

Masu makara

A bar musu wuri kusa da ƙofa. A amsa sallama, a ci gaba da darasi. Kada a koma farko saboda mutum ɗaya, kuma kada a yi masa faɗa a gaban jama'a. Bayan an tashi sai a ji uzurinsa. Idan rabin aji ne ke makara, wataƙila lokacin ya ci karo da ranar kasuwa ko aikin gona, sai a yi shawara da ɗalibai a sauya.

Aiki ga malami

1. Zaɓi kalma ɗaya daga sana'ar ɗalibanka, ka raba ta gaɓa-gaɓa.
2. Rubuta tambayoyi uku na bitar darasinka na ƙarshe.
3. A zama na gaba, duba agogo ka ga minti nawa suka wuce kafin ɗalibi na farko ya karanta wani abu.